Magatakardan Baba

Litinin

Auta,

Baba yana asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma ba ya magana. Yana numfashi da kansa, yana haɗiyar ruwa, yana gane fuska. Na fara da wannan ne don kada ka karanta gaisuwa kana leƙen abin da ke bayanta.

To, yanzu gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kai da matarka, kuma sanyin can bai sake tayar maka da ciwon ƙirji ba. Mu nan lafiya, in ban da wannan. Baffa yana gaishe ka. Da gangan ban kira ka a waya ba. Na san in hankalinka ya tashi i'ina takan riƙe ka, sai mu ƙare da sauraren numfashin juna. Rubutu ya fi mana, kamar kullum.

Ga yadda abin ya faru. Ranar Asabar saƙonsa na safe ya shigo, wanda bai taɓa fashin turo mana ba tun rasuwar Umma: "Mun tashi lafiya. Allah ya ba da sa'a." Na gani ina cikin mota, na ajiye wayar. Kai ma ka gani, don na ga amsarka. Sai bayan la'asar mai kantin ƙasan bene ya lura Baba bai sauko karɓar jarida ba. Ya hau, ya buga ƙofa, ya ji shiru, ya kira maigadi suka ɓalle makulli. Suka same shi a ƙasa, tsakanin kujera da tebur, kwamfuta a buɗe, shayi ya huce a kofi.

Likita ta ce akwai allurar da ke narkar da gudan jini, amma a awoyin farko kawai take amfani, kuma lokacin ya wuce kafin a kawo shi. Abin da ya rage shi ne babbar jijiyar wuyansa ta hagu, wadda ta tsuke ƙwarai. In ba a yi tiyata an buɗe ta nan kusa ba, wata shanyewar na iya biyo baya, kuma ta biyu ba ta cika barin mutum ba. Tiyatar ma da nata haɗarin. Ta ce muddin Baba zai iya nuna abin da yake so, maganarsa za a bi, ba tamu ba.

Na ba shi biro, ya zame daga hannunsa. Shi ya sa jiya na kawo masa kwamfutarsa, na ɗora a teburin cin abinci na gado. Ya sa hannun hagu, kai a sunkuye yadda ka san shi, ya daddanna. Sai ga rubutu: "Ina lafiya, kada ku damu." Baffa ya fashe da kuka. Nas ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani.

Ni ban yi kuka ba, kuma ba taurin zuciya ba ne. Shekara da shekaru ina zaune a ɗakin labarai ina kallon hannayen mutane a kan kibod. Ban kalli fuskar kwamfutar ba, yatsunsa na kalla. Suna faɗawa kan maɓallai bibbiyu, wani lokaci gefen tafin hannu ne ma gaba ɗaya. Amma rubutun ya fito babu kuskure ko ɗaya.

Manhajar nan da ka rubuta masa, wadda yake kira Magatakarda, tana kan kwamfutar. Ka bayyana mini dalla-dalla me take gyarawa, me kuma ba ta taɓawa. Ka rubuta kamar ga wanda bai san komai ba.

Yayarka


Talata

Yaya,

Na karanta wasiƙarki a tsaye a ƙofar ofis, na sake karantawa a zaune. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Sannunku da jinya, ke da Baffa. Mu lafiya. Matata tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci, ta san halinki. Ƙirjina da sauƙi.

Ba zan iya tahowa yanzu ba. Fasfona yana ofishin shige da fice, ana sabunta mini izinin zama. Na je da safe na roƙa. Matar da ke bayan gilashi ta ce in na karɓe shi kafin a gama, to in fita ba dawowa. Na nemi a gaggauta, sun ce za su duba.

Ga amsar tambayarki. Kin san da harsuna biyu Baba yake aikin fassara, ɗaya da haruffan boko, ɗaya da na Larabci, duk a kibod ɗaya. Akwai maɓallin da ake dannawa a sauya daga wannan zuwa wancan. Shi kuwa a tafireta ya koyi bugu, ba ya ɗaga kai sai ya kai ƙarshen sakin layi. Sai ya manta bai sauya ba, ya buga rabin shafi, ya ɗago ya tarar da shirme, ya goge yana tsaki. Kin tuna ranar da ya ce zai wurga kwamfutar ta taga, Umma ta ce ya jira ta kwashe shanyarta tukuna? Don wannan na rubuta Magatakarda. Tana duba kalmar da aka buga. In ba ta da ma'ana a wannan rubutu amma tana da ita a ɗayan, sai ta juya ta, ta sauya kibod ɗin. Shi ke nan aikinta. Ba ta ƙirƙira komai, abin da yatsa ya danna shi take juyawa. Masu fassara suna amfani da ita yanzu, da ɗalibai, da sakatarori, ban taɓa samun wanda ya ce ta sa masa magana a baki ba.

Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, tambayar ta soke ni. Mahaifinmu yana kwance, ya samu hanyar da zai ce mana yana nan, ke kuma kin tsaya binciken yatsunsa kamar labarin da sabon ɗan rahoto ya kawo miki. Ba komai ake tacewa ba. In nufinki akwai hannuna a abin da ya same shi, ki fito fili ki faɗa. Ina nesa, na sani, ba sai an tuna mini ba.

Ki karanta masa wannan: Baba, Auta ne, ina gaishe ka, ina nan tafe. Ki rubuto mini abin da ya amsa.

Ƙanenki


Alhamis

Auta,

An sa tiyata ranar Laraba mai zuwa, kuma a yadda ake ciki ba za a yi ta ba.

Ina gaishe ku. Ka gode wa matarka, ina ci. Baba ya fara shan abu mai ruwa-ruwa, ƙafar dama tana ɗan motsi, hannun bai motsa ba. Baki har yanzu sauti ne kawai, ba kalma. Na karanta masa saƙonka. Ya kalle ni, ya kalli ƙofa, ya sunkuya ya buga: "Allah ya yi albarka."

Ban ce da hannunka a ciwonsa ba. Tambaya na yi. Da zargi nake, da ba ka yi shakka ba, ka san ni.

Jiya likita ta zo neman amincewarsa. Ta zauna a bakin gado, ta yi masa bayani a hankali, har ta zana wuya da jijiya a takarda. Sannan ta ce, "Baba, ka yarda a yi aikin?" Ya daddanna. Rubutu ya fito: "A bari tukuna."

Ta sake tambaya ta wata hanya. Ya fito: "A bari tukuna, sai na duba."

Baffa ya ce, "To, kin ji, likita. Malam ya gama magana."

Na ce, "Baffa, wannan ai ita ce amsar da yake ba masu kawo masa aikin fassara in sun matsa masa."

Ya ce, "To da wane baki kike so ya yi magana, in ba da wanda ya saba ba? Ke dai 'yar jarida, ko gawa ce ta ce miki ta mutu sai kin nemi majiya ta biyu."

Nas ta yi dariya, ni ma na yi. Likita ba ta yi ba. Ta ce ta tambaya sau biyu ta samu amsa ɗaya, kuma ba za ta tsaga wuyan mutumin da ya ce a bari ba. Za ta riƙe mana gurbin zuwa Litinin. In bai sauya ba, a ba wani.

Da suka fita, Baba ya yi barci, na ɗauki kwamfutar na fita baranda. Na rufe ido, na dunƙule hannun hagu, na murza shi a kan maɓallai kamar mai wanki. Na buɗe ido. An rubuta: "Mun tashi lafiya. Allah ya ba da sa'a."

Na sake. "Na gode, saƙo ya iso." Na sake. "A bari tukuna."

Na koma gida na gwada a tawa kwamfutar, wadda ka sa mini Magatakarda bara. Shirme ya fito, ya zauna a shirmensa. Ke nan ta Baba daban take da tawa. Yau da safe na kai masa tawa in ga ko zai buga. Ya shafa, ya ji ba tasa ba ce, ya ture.

Ban faɗa wa kowa ba tukuna. Abin da na gani ya nuna na'urar tana iya rubuta waɗannan kalmomi ba da shi ba. Bai nuna cewa ba shi ya rubuta su jiya ba. In na buɗe baki da rabin bayani, Baffa zai ce na ƙulla ne don a yi tiyata, kuma abin da ke fitowa a fuskar kwamfutar nan shi ne kawai ya rage masa na ɗan'uwansa.

Ka faɗa mini mece ce a kan kwamfutar Baba, da yadda ake kashe ta. Na nema ban ga wurin ba. Ina bukatar amsa kafin Litinin.

Yayarka


Lahadi

Auta,

Baffa ya shirya motar da za ta mai da Baba gida ranar Talata.

Ina fata lafiya ce ta sa ka shiru. Baba yana nan yadda yake, sai dai jiya gefen bakinsa ya ƙara saki na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Likita ta ce irin gargaɗin da take tsoro ke nan.

Na kira ka, duk da na ce ba zan kira ba. Ba ka ɗauka ba. Don haka na nuna wa likita abin da na gano, ita kaɗai. Ta gwada da hannunta, ta daɗe tana kallon rubutun. Ta ce, "Ke nan ba ni da amsa daga gare shi ko kaɗan. Ba e, ba a'a." Ta ce a kashe manhajar, a sake tambayarsa a gaban Baffa. Ma'aikacin kwamfuta na asibitin ya duba, ya ce bai taɓa ganin irinta ba, kuma ba zai taɓa kayan majinyaci ba.

In fushi kake yi da ni, ka ajiye shi a gefe, zai jira ka. Na taɓa ganin mutanen da suka zaɓi kare aikinsu a kan faɗin gaskiya, na rubuta labarinsu da yawa. Ban taɓa sa ka a cikinsu ba. Kada ka sa ni in fara.

Yayarka


Litinin

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baffa. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Mu lafiya. Ba fushi ba ne. Tun Alhamis nake zaune a gaban aikina ina bin sauye-sauyen da na yi masa ɗaya bayan ɗaya, ba na son in sake rubuto miki abin da ban tabbatar ba. Da kika kira na ga kiran. Na san ko na ɗauka, kalma ba za ta fito ba.

Ta Baba ba irin ta kowa ba ce. Shi ne mai gwada mini kowane sabon abu, shi ya nema, yana jin daɗin kama ni da kuskure. Bara ya rubuto ya ce, "Magatakardanka ya fara lalaci, yana barin shirme." Na duba, na ga hannunsa na dama yana zamewa gefe da maɓalli ɗaya. Sai na ƙara mata: in kalma ba ta da ma'ana a rubutun biyu, ta gwada matsar da haruffan gefe. Bayan 'yan watanni ya sake kuka. Wannan karon haruffa ne ke faɗuwa, wasu suna ninkuwa. Na ce ta ɗauki kalmar da ta fi kusa. Ya ce tana kawo masa kalmomin da ba nasa ba. Na bar ta ta koya daga rubuce-rubucensa, ta san jimlolin da ya fi yawan amfani da su. Duk lokacin da ya yi ƙorafi, sai in ƙara sassauta mata igiya. A ƙarshe na cire iyakar gaba ɗaya: kada ta bar shirme ko yaya yake, dole ta zaɓi wani abu. Ya rubuto ya ce, "Yanzu ka yi aiki." Na nuna wa matata saƙon.

Mutum ya shekara yana gaya mini hannunsa yana mutuwa, ni kuma ina jin rahoton matsalar manhaja.

Da na ce miki ba ta ƙirƙira, wadda ke hannun jama'a nake nufi. Ta Baba ba ta faɗo mini a rai ba, ko kuma ban bari ta faɗo ba. Yadda take yanzu, gwargwadon lalacewar bugu, gwargwadon yadda take komawa ga jimlar da ya fi sabawa da ita.

Na san abin da za ki tambaya na gaba, saƙon safiyar Asabar. Ba za a iya sani ba. Magatakarda ba ta ajiye abin da aka danna. Sharaɗin Baba ne tun farko, saboda takardun kotu da na asibiti na mutane da yake fassarawa. Mai yiwuwa ya tashi lafiya, ya rubuta, abin ya same shi daga baya. Mai yiwuwa kuma yana ƙasa ne, ya miƙa hannu sama yana neman mu, ita kuma ta gyara masa. Na amsa masa da "Madalla, Baba."

Kin san tun ina yaro kowa yakan ƙarasa mini magana in na maƙale. Malamai, Umma, har ke. Baba ne kaɗai yakan ajiye abin da yake yi ya jira, ko da kalmar za ta ɗauki rabin yini. Shi na ƙera wa na'urar da ba ta jira.

Ga yadda ake kashe ta. Ki danne maɓallin sauya rubutu ki riƙe, sannan ki danna na gogewa. Ɗan hoton alƙalami da ke kusurwar ƙasa zai dushe. Daga nan duk abin da ya fito, na yatsunsa ne.

Ƙanenki


Litinin da yamma

Auta,

Na kashe ta. Baba bai iya rubuta komai ba.

Wasiƙarka ta iso a kan kari. Na janye abin da na rubuta jiya. Ka gaishe da matarka, ka kuma sha maganinka. Jikin Baba yana nan, ba ci gaba, ba koma baya.

Na tara likita da Baffa. Kafin in kashe, na ce Baffa ya gwada da kansa. Ya ce shi ba ya taɓa waɗannan abubuwa. Na ce to ya sa kan sandarsa. Ya dangwala, ya ja. Rubutu ya fito: "Allah ya yi albarka."

Ya ce, "Yau kuma sandata ce ke sa mini albarka." Ba wanda ya yi dariya, har shi.

Na yi yadda ka ce, alƙalamin ya dushe. Likita ta sake yin bayaninta tun daga farko, ta tambaya. Baba ya sunkuya, ya daɗe yana bugu, ya fi kowane lokaci daɗewa. Abin da ya fito layuka ne na haruffa barkatai, rabi boko, rabi Larabci, da alamomi a tsakani. A kwanakin baya mu muke karanta masa abin da ya fito, yana jin mu, bai taɓa ɗaga kai ba. Yau da ya ji shiru, ya ɗago. Ya kalli rubutun. Ya danna maɓallin sauyawa, ya sake bugawa, ya kalla. Ya sake. Sannan ya ture kwamfutar, sai da nas ta tare ta, ya juya fuska bango.

Baffa ya ce, "Ku mayar masa."

Na ce, "Baffa, ba shi ke magana ba."

Ya ce, "Jiya mutum yana da baki, yau kun ƙwace. Kalmomin nan na wane ne? A wurin wa ta koya? Shekara nawa Malam yana cewa a bari tukuna, tun kafin a haifi wanda ya ƙera ta."

Na ɗauke kwamfutar na ajiye a gefe.

Likita ta gwada wata hanya. Ta ce ya matse mata hannu in amsar e ce. Ta tambaye shi ko ni 'yarsa ce, ya matse. Ta tambaye shi ko ni ce likita, ya matse. Ta nuna masa hotuna, ya zaɓi daidai a wasu, ya kauce a wasu. A ƙarshe ta rubuta cewa a halin yanzu ba zai iya ba da amincewa ko ƙi ba. Hukunci ya dawo kan 'ya'yansa, ni ce babba. Gurbin Laraba yana nan, ta ƙara mana kwana ɗaya, gobe take son amsa.

Baffa ya biyo ni baranda. Ya ce, "'Yar nan, ban hana ki ba, ba ni da iko. Amma in kika sa hannu aka fito da shi a rufe, ki sani magana ta ƙarshe da aka gani daga gare shi ita ce a bari." Ya soke motar, ya koma ciki ya zauna a gefensa.

Abu ɗaya nake juyawa. Da ya kalli rubutun, ya gane shirme ne. Ke nan akwai mai karatu a ciki. In akwai mai karatu, akwai mai ra'ayi, kuma ni ce zan taka ra'ayin ko in bi shi ba tare da na san shi ba.

Na haɗo maka duk abin da ya buga, yadda yake, ban taɓa ko ɗigo ba. Ka duba. In da wani abu a ciki, kai ne za ka gani.

Yayarka


Talata

Yaya,

Ina kwana. Yaya mai jiki, yaya Baffa? Mu lafiya. Ofishin fasfo shiru har yanzu.

Na duba. Ban sa wa rubutun manhaja ba. Na zana kibod a takarda, na bi haruffan ɗaya-ɗaya, a boko, a Larabci, na matsar dama, na matsar hagu. Akwai gungun maɓallai da yake komawa kansu a kusan kowane layi. Zai iya zama kalma. Zai iya zama wurin da hannun hagu yake faɗawa in ya gaji. In na sassauta kaɗan, zan fitar miki da amincewa. In na sassauta ta ɗaya gefen, zan fitar miki da ƙi, daga layi ɗaya. Aikin Magatakarda ke nan, kuma ba zan sake yi masa ba. Amsata ita ce ban ga komai ba.

Abin da na sani game da Baba ba daga na'ura ba shi ne wannan. Yana tsoron wuƙar likita. Ya ja aikin idonsa shekaru yana cewa a bari. Da aka yi, ya ga duniya tar, ya yi mana faɗa don me ba mu tilasta masa tun da wuri ba. Duka biyun Baba ne. Baffa bai yi ƙarya ba, ke ma ba ki yi ba.

Ra'ayina a yi. Ba fassarar rubutunsa ba ce, ra'ayina ne, ni ɗansa. Ki nuna wa likita wannan wasiƙa, ki nuna wa Baffa, ki ce mu biyu muka sa hannu. Kada ki ɗauka ke kaɗai. Kafin a shiga da shi ki faɗa masa da baki abin da muka yanke, ki ce ba mu ji amsarsa ba, kada ya ɗauka mun ji mun ƙi bi.

Ƙanenki


Laraba

Auta,

An yi tiyatar. Baba bai farka ba tukuna.

Ina gaishe ku. Ni lafiya, Baffa ma lafiya, sai dai tun jiya bai yi mini magana ba. Na karanta masa wasiƙarka, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya sa ku ne da gaskiya." Daga nan bai ƙara ba.

Na sa hannu jiya. Yau da safe, kafin a zo ɗaukarsa, na ja kujera na zauna inda zai gan ni. Na faɗa masa komai: Magatakarda, tambayar likita, abin da muka yanke ni da kai, da cewa ba mu san abin da yake so ba. Na ce in mun saɓa masa ya yafe mana. Na riƙe hannunsa na hagu, na jira, yadda ka ce yakan jira ka. Bai matse ba, bai janye ba. Ya kalle ni har masu tura gado suka shigo. Baffa ya bi gadon da sandarsa har ƙofar da ba a wucewa.

Likita ta fito bayan azahar ta ce jijiyar ta buɗe, jini yana wucewa. Ta ce zai farka nan ba da daɗewa ba. Wanda aka yi wa aiki bayansa ya farka, har ya nemi ruwa. Da la'asar ta dawo ta haska idanun Baba, ta kira shi, ta tsunkule shi a kafaɗa. Ta ce wani lokaci maganin barci ne yake daɗewa a jikin tsofaffi, wani lokaci kuma wata shanyewar ce ta faru ana cikin aiki. Ba za ta ce komai ba sai ta ga hoton ƙwaƙwalwa.

An tura shi ɗakin hoto, an dawo da shi. Nas ɗin da ta raka shi ta ce ya buɗe ido da suna ɗaga shi. Ita kaɗai ta gani. Sakamakon hoton bai fito ba tukuna.

Yayarka